Ɗalibin jami'a mara ƙoshin lafiya a darasin motsa jiki: a yafe masa ko a auna masa?

Tambaya: An ba ni kwas ɗin motsa jiki na 'yan ajin farko a jami'a. A cikinsu akwai masu asma, masu sikila, masu ciwon suga, da wasu da ba a san suna da wata cuta ba amma zagaye ɗaya na fili sai su zube suna haki. Da yawa sun kawo takardar likita. In na yafe musu, zama za su yi a gefe har zangon karatu ya ƙare. In na haɗa su da sauran, ina tsoron abin da zai biyo baya. Ina mafita?

Amsa: Malam, wannan gaba kura baya sayaki da kake ciki ta samo asali ne daga ɗaukar motsa jiki a matsayin abu ɗaya, ko a yi shi duka ko a bar shi duka. Ga mai rauni, motsa jiki kamar magani yake: yana da adadi, yana da lokacin sha, yana da wanda bai kamata ya sha ba a yau. Aikinka shi ne awo. Kuma zaunar da ɗalibi a gefe wata huɗu ba rahama ba ce gare shi. A shekarar 1966 a birnin Dalas na Amurka an kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 a gado na mako uku, da aka auna su sai aka tarar ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da kashi 27 cikin ɗari. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, aka ga abin da kwanciyar mako uku ta yi musu ya fi abin da shekara talatin ta yi. In haka zama ke yi wa lafiyayye, to mai ciwo da ake cewa ya huta kullum ƙara rauni yake yi, raunin ya sa hawa bene ya zama masa aiki, wahalar ta sa ya ƙara zama, haka abin zai yi ta zagayawa.

Fara da tantancewa kafin kowa ya taka fili. Ka raba takarda, kowa ya cika shi kaɗai, kada ka yi tambayar a bainar aji. Abin da kake nema: ko likita ya taɓa cewa yana da ciwon zuciya ko hawan jini, ko yana jin ciwon ƙirji in yana aikin ƙarfi ko yana zaune, ko ya taɓa suma ko jiri ya kayar da shi cikin shekarar da ta wuce, ko yana da wata cuta mai daɗewa, ko yana shan magani kullum, kuma wane ne, ko akwai gaɓar da ke masa ciwo, ko wani a danginsa na kusa ya mutu farat ɗaya yana ƙasa da shekara 50. Wanda ya amsa "e" a kan ciwon ƙirji, suma a lokacin gudu, ko mutuwar fuju'a a dangi, ba ya fara komai sai likita ya duba zuciyarsa. Nan babu sassauci, domin wasu cututtukan zuciya na gado ba sa nuna kansu sai a filin wasa, kuma matashin da ke ɗauke da su yakan zama a ido lafiya lau.

Takardar likita da ta ce "ba zai iya motsa jiki ba" kawai, ba ta ishe ka aiki ba. Mayar da ita cikin ladabi tare da tambayoyi uku a rubuce: me aka hana shi, me aka yarda ya yi, har zuwa yaushe. Sau da yawa abin da likitan ke nufi shi ne tsere ko wasan da ake karo da juna, bai yi nufin tafiya ba. Daga amsoshin sai ka kasa ajin uku, kamar yadda makarantu da jami'o'in Rasha suka daɗe suna yi: waɗanda za su yi komai, waɗanda za su yi darasin amma ban da gasa da gwajin ƙure ƙarfi, sai rukuni na musamman da ke da nasu tsarin. Wannan rukuni na uku kada ya wuce mutum goma zuwa goma sha biyu a gaban malami ɗaya, don ka iya ganin fuskar kowa. Kuma ba rukunin dindindin ba ne. Duk mako shida ka sake dubawa, wanda ya ƙarfafa ya matsa gaba.

A makon farko ka ɗauki ma'aunin kowa, da shi za ka riƙa kwatantawa. Abu uku sun isa. Bugun zuciya yana hutawa: ya zauna minti biyar, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ya ƙirga na minti guda. Kada ya sa babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun, zai rikita lissafi. Na biyu tafiyar minti shida: ka auna mita 30 a wuri mai shimfiɗe, ka sa alama a kowane ƙarshe, ya yi ta kai da komowa iya saurin da zai iya ba tare da gudu ba, an yarda ya tsaya ya huta amma agogo ba ya tsayawa, ka rubuta mita nawa ya ci. Na uku tashi da zama a kujera, hannaye a harɗe a ƙirji, sau nawa a daƙiƙa 30. Gudun minti 12 da ake gwada lafiyayyu da shi ba na wannan rukuni ba ne.

Yanzu batun ƙarfin atisaye, wanda nan ne yawancin ɓarna ke faruwa. Lissafin da aka saba shi ne a cire shekarun mutum daga 220 a sami ƙololuwar bugun zuciyarsa. Ɗan shekara 20 ke nan 200. A ce yana hutawa bugunsa 80. Cire 80 daga 200, saura 120, wannan shi ne filin da zuciyarsa ke da shi na ƙara aiki. Mai rauni yana farawa da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na wannan fili, wato 36 zuwa 48, sai a mayar da 80 ɗin a kai: bugu 116 zuwa 128 a minti. A fili ba a ƙirga minti guda, don da zarar ya tsaya bugun zai fara sauka. Ya ƙirga na daƙiƙa 15 nan take, ya nemi 29 zuwa 32. Bayan makonni, in jiki ya karɓa, a hau zuwa kashi 60, wato kusan 152.

Sai dai wannan lissafi kintace ne, yana iya kaucewa da bugu goma ko fiye sama ko ƙasa. Ga mai shan magungunan da ke rage bugun zuciya, irin su atenolol, bisoprolol da propranolol, ba ya aiki sam: zai iya gajiya liƙis bugunsa bai kai 110 ba, malamin da bai sani ba ya yi ta ce masa ya ƙara. Shi ya sa na fi amincewa da gwajin magana. Ka jera da ɗalibi yana tafiya, ka tambaye shi wani abu. In ya amsa da cikakkiyar jimla amma ba zai iya rera waƙa ba, yana daidai. In kalma biyu sai ya ja numfashi, ya wuce gona da iri, ya sassauta. Ka kuma koya musu ba wa wahalar maki daga sifili zuwa goma, su zauna tsakanin 3 da 4.

Zama ɗaya na farko kada ya wuce minti 30 zuwa 35. Minti goma na ɗumama jiki da tafiya a hankali da juya gaɓoɓi, sannan ainihin aikin minti 10 zuwa 15, a yanka shi gunduwa-gunduwa: minti biyu tafiya da sauri, minti ɗaya a sassauta, sau huɗu ko biyar. Wanda ba zai iya minti goma a jere ba yakan iya minti goma sha biyar in an raba masa haka. Sai minti biyar zuwa goma na saukowa a hankali. Kada a bar kowa ya tsaya cak bayan aiki, domin tsokokin ƙafa ne ke taimakawa wajen tura jini ya koma zuciya. In suka tsaya jijiyoyi suna buɗe, jinin ya taru a ƙafafu, jiri ya ɗebe shi. Sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Ƙari kuwa a tsawon lokaci ake fara yi, minti biyar duk mako ɗaya ko biyu, sai ya iya minti 30 a jere kafin a taɓa sauri. Kada a ƙara lokaci da sauri a mako guda, in wani abu ya lalace ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, har da masu cututtuka masu daɗewa. Wannan shi ne inda aka dosa. Wani zai kai a wata uku, wani sai zango na biyu.

Ƙarfafa tsoka ba ya buƙatar ƙarafa. Tashi da zama a kujera, tura bango da hannaye, ɗaga ƙugu ana kwance a rigingine gwiwoyi a lanƙwashe, ja da robar atisaye, hawa da sauka a matakala ɗaya. Kowanne sau 10 zuwa 15, zagaye ɗaya da farko, ya tsaya yana jin zai iya ƙara biyu ko uku. Ya fitar da numfashi a lokacin yunƙuri. Riƙe numfashi ana nishi yana sa jini ya hau sosai cikin daƙiƙoƙi, ga mai hawan jini wannan shi ne babban abin gudu. Ciwon tsoka da ke zuwa washegari, ya yi tsanani a kwana na biyu, ya tafi kafin kwana biyar, ba matsala ba ne, ka faɗa musu tun kafin ya zo don kada su firgita su daina. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, shi ne ake tsayawa a kansa.

Mai asma yakan ba malami mamaki domin sau da yawa ba a tsakiyar gudu abin ke kama shi ba, sai minti biyar zuwa goma sha biyar bayan an gama. Numfashi da sauri ta baki yana busar da hanyoyin iska ya sanyaya su, su kuma su tsuke. Don haka busasshiyar iska, sanyi, ƙura da hayaƙi su ne abokan gabarsa. A irin wannan rana a koma cikin ɗaki, ko ya rufe hanci da baki da ƙyalle mara kauri. In likitansa ya tsara masa haka, ya shaƙi salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska da ke cikin inhelarsa, sau biyu kamar minti 15 kafin a fara. Ɗumama jiki mai kyau, da ɗan sauri-sauri a ciki, yana sa hanyoyin iskar su rage saurin tsukewa na kusan awa biyu, saboda haka shi ne mutum na ƙarshe da za a bari ya tsallake ɗumamawa don ya makara. Inhelarsa ta kasance a aljihunsa ko a bakin fili, kada ta zauna a jaka a ɗakin kwana. In ya fara tari, ƙirji na shewa, ka zaunar da shi a miƙe, kada ka kwantar da shi, ya shaƙa sau ɗaya duk daƙiƙa 30 zuwa 60 har zuwa sau goma. In bai samu sauƙi ba, ko ya kasa haɗa jimla, ko leɓɓansa sun canza launi, asibiti nan take. Wanda kullum sai ya nemi inhela a tsakiyar darasi, asmarsa ce ba a shawo kanta ba, ya koma wa likita a gyara masa maganin kullum.

Sikila ta fi buƙatar hankali, kuma masu ita ne aka fi zalunta ta fuska biyu: ko a hana su komai, ko a ce lalaci ne. Abin da ke lanƙwasa ƙwayoyin jininsu su toshe ƙananan jijiyoyi shi ne ƙarancin oksijin, ƙarancin ruwa a jiki, zafi mai tsanani, sanyi kwatsam, da tsamin da ke taruwa a jini in an ƙure ƙarfi. Tafiya, keke a hankali da ƙarfafa tsoka mara nauyi ba sa kai wa nan, kuma suna amfanarsu. Ya sha ruwa kafin a fara, ya kurɓa duk minti 10 zuwa 15 ko bai ji ƙishi ba, a yi darasin da sanyin safiya ko yamma, ya canza rigar da gumi ya jiƙa da zarar an gama, kada ya faɗa ruwan sanyi. Ba tsere, ba "zagaye ɗaya na ƙarshe", ba wasan karo musamman ga mai kumburin saifa. In ya ce ya gaji, ya gaji, jininsa bai kai na sauran ba tun asali. Ciwon kwankwaso da ke sa ɗingishi kada a ce a miƙar da shi da atisaye, yana iya zama kan ƙashin cinya ne jini ya daina isa, aikin hoto ne da likita. Ciwon ƙirji da zazzaɓi ko wahalar numfashi kuwa gaggawa ce. Masu AS, wato waɗanda suka gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, lafiyayyu ne, suna cikin rukunin farko, amma su ma a guji tura su gudun ƙure ƙarfi a jere ba hutu cikin zafi, musamman a makonnin farko, domin an sha samun masu irin wannan jini sun zube tsokarsu ta narke ta taɓa ƙoda. Duk ɗalibin da fitsarinsa ya koma ruwan ƙasa mai duhu bayan atisaye, ga ciwon tsoka mai tsanani, asibiti zai tafi a ranar.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya auna sugan jininsa kafin ya fara. In na'urar ta nuna ƙasa da 90, wato 5.0 a masu lissafi da mmol, ya sha giram 15 zuwa 20 na gulukos ya jira ya hau. In ta haura 250, wato kusan 14, ya duba sinadarin kiton, wanda ke taruwa in jiki na ƙona kitse maimakon suga, a fitsari ko a jini. In akwai, babu atisaye ranar, domin alama ce insulin bai isa ba, motsi zai ƙara dagula lamarin. Kada ya yi allura a cinya sannan ya fita tafiya, tsokar da ke aiki tana zuƙe maganin da sauri. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam, ko ɗalibi mai natsuwa ya fara magana a birkice: ka ba shi giram 15 na suga, kimanin cokalin shayi huɗu a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. In ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a kan gefen jikinsa a nemi agaji. Abin da aka fi mantawa shi ne sugan na iya faɗuwa cikin dare bayan atisayen yamma, don tsoka na ci gaba da jan suga awanni da yawa. Ya auna kafin ya kwanta, abokin ɗakinsa kuma ya san alamomin.

Mai hawan jini in an auna yana hutawa aka samu 180 bisa 110 ko fiye, ya wuce wurin likita maimakon fili. Mai farfaɗiya ba kasafai motsa jiki ke tayar masa ba, rashin barci da tsallake magani sun fi. Abin kiyayewa shi ne ninƙaya ba mai sa ido da hawa wuri mai tsayi. In ta tashi, a kawar da abin da zai buge shi, a tallafi kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a duba agogo, in ta wuce minti biyar a kira agaji. Mai ƙiba da gwiwa ke damu ya fara da keke ko tafiya a ruwa, tsalle ya jira.

Su kuma waɗanda ka ce ba a san musu cuta ba amma suna zubewa, kada ka yi saurin yanke cewa rashin sabo ne. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin ɗalibai mata, musamman masu zubar jini da yawa a al'ada. Gwajin jini mai sauƙi zai nuna, in awon haemoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ya yi ƙasa da 12 ga mace ko 13 ga namiji ana ɗaukarsa ƙaranci. Wasu kuma ba su karya ba, ba su yi barci ba, suka zo. Wanda ke da zazzaɓi ba ya atisaye ko kaɗan, kuma bayan ya warke ya dawo da rabin abin da yake yi, ya hau cikin mako ɗaya ko biyu, saboda wasu ƙwayoyin cuta kan kumbura tsokar zuciya ba tare da an sani ba. Akwai kuma wani rukuni da ƙa'idar "ƙara kaɗan-kaɗan" ke cutarwa: waɗanda bayan wata rashin lafiya, kamar korona, in suka yi ɗan aiki sai bayan awa 12 zuwa 48 su kwanta kwanaki, kai ya yi nauyi, jiki ya mutu. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar ƙara atisaye a kan jadawali ga masu cutar gajiya mai daɗewa. Irin wannan ɗalibi ana nemo iyakar da ba ta kwantar da shi, a zauna ƙasa da ita. Shi ya sa tambayar "yaya ka tashi washegari?" ta fi "yaya kake ji yanzu?" amfani, ka riƙa yinta a farkon kowane darasi.

Kowa a rukunin ya haddace alamomin tsayawa: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, gani ya dushe, zuciya na tsalle ba tsari, haki da ya fi ƙarfin aikin da ake yi. Kai kuma ka iya danna ƙirji: wanda ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a danna tsakiyar ƙirjinsa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya kira agaji, wani ya ɗauko na'urar farfaɗo da zuciya in jami'ar na da ita. Ka san inda take tun kafin ranar, ka san ko ƙofar wurin a kulle take da yamma.

Saura maki, kuma in ka yi kuskure a nan duk tsarin ya rushe. Muddin sakamako ya dogara da wanda ya fi sauri, mai sikila zai ɓoye ciwonsa ya yi tsere don kada ya faɗi kwas, mai asma ya bar inhela don kunya. Ka ɗora makin a kan halarta, da littafin da kowa ke rubuta bugun zuciyarsa da mintunansa da yadda ya kwana, da iya tsara wa kansa atisayen da ya dace da ciwonsa ya kuma bayyana dalili, sannan ci gaban da ya samu a kan nasa ma'aunin na makon farko. Wanda ya ci mita 380 a minti shida ya dawo yana cin 450 ya yi aiki. Wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar zango ya dawo bai ƙaru ba, kada a rage masa, a duba littafinsa. Bayanan lafiyarsu su tsaya tsakaninka da asibitin jami'a, kada a kafe sunayen rukunin a allo, kada kuma a sa masa sunan da zai zama abin tsokana. In da hali a ba su lokacinsu daban ko wani ɓangare na fili, domin ɗalibar da ke jin idanu a kanta tana haki ba za ta dawo mako na uku ba. A mako na shida da na goma sha biyu ka maimaita gwaje-gwajen nan uku a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, ka miƙa wa kowa lambobinsa na farko da na yanzu a takarda ɗaya ya gani da idonsa.